Bakin da Sumini Ke Karantawa

Parit Rambai, 3 ga Satumba

Assalamu alaikum yayata, Uni Yusmaniar.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da mutanen gida. Direban motar kifi zai kawo miki wannan.

Yau kwana ashirin hayaƙin gonakin manja bai ɗaga ba. Wutar ta shige ƙarƙashin ƙasa, ba a ganinta, sai wari. Da azahar muke kunna fitila. Ofishin ilimi ya aiko cewa kowa ya sa takunkumi, malami da ɗalibi, kuma ni shugabar makaranta ni zan amsa idan wani ya sauke.

'Yarki Wirda lafiya lau, ajin lissafin da take koyarwa na tafiya. Damuwarmu ɗaya ce. Akwai Sumini, kurmar yarinyar da na ɗauka bara, malamai suna ta gunaguni. Leɓen malami take kallo ta gane magana, kuma a lissafi babu mai kamo ta. Tun da aka rufe bakuna take zaune kamar an rufe mata ƙofa. Saura kwana ashirin da uku jarrabawar shiga sakandaren kimiyya. Ubanta mai saran manja ne, ya ce in ta faɗi, gona za ta bi shi.

Wirda dai lafiya lau. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki, Masnidar

Pariaman, 8 ga Satumba

Wa alaikumus salam, Hajiyar allo.

Mun gode Allah, nan iskar teku ce kawai. Sau biyu kika rubuta "lafiya lau". Tun muna yara, in kika faɗi abu sau biyu, kin fasa kwano ne. Direba ya ce ya ji Wirda tana tari kamar tsohuwar akuya. Kin manta asmarta? Kin manta sanda muka ɗauke ta a keke zuwa asibiti, idonta ya juye?

Ita kurmar ba ta da ido ne? A rubuta mata a allo mana! Ki sako min 'yata a mota. Amana na ba ki, ban ba makaranta ba.

Na haɗo busasshen kifi da citta. A gaida kowa.

Yus

Parit Rambai, 14 ga Satumba

Assalamu alaikum Uni.

Ina gaisuwa. Kifi ya iso, Allah ya saka. Kin yi gaskiya, na rage magana, kuma ina neman gafarar Allah da taki.

Allo ba ya isa. Sumini ta shigo makaranta a makare, lamba take ganewa, dogon rubutu yana ba ta wuya. Dalilin kowane mataki daga baki take ɗauka.

Tun kafin wasiƙata ta farko na wuce ta tagar ajin, na ga Wirda ta sauke takunkumi ƙarƙashin haɓa, tana bayani a hankali, hayaƙi yana yawo tsakaninsu. Na tsaya. Na ga hannun yarinyar yana gudu a kan takarda. Sai na wuce, Uni. Fiye da kwana goma ina wucewa.

Jiya na kira ta ofis. Na ce, "Ki haɗa kayanki, uwarki na kira."

Ta ce, "Etek, in na tafi wa zai koya mata? Ke da kike lissafin kuɗin cefane da carbi?"

Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, sai da ta dafa tebur.

Ta ƙi tafiya, kuma ba ni da wani malamin lissafi. Amma na sami hanya. Na yi miki alkawari Wirda ba za ta ƙara sauke takunkumi ba. Kada ki tambaye ni fiye da haka.

Allah ya kawo ruwa. Ƙanwarki, Masnidar

Parit Rambai, 20 ga Satumba

Amak mahaifiyata, assalamu alaikum, ina gaishe ki.

Ƙirjina da sauƙi. Ƙanwarki, Etek, ba ta san na rubuto ba.

Ga hanyar da ta samu. Ina tsayawa a bayanta da takunkumina ina bayani, ita ta zauna gaban Sumini da baki a buɗe tana maimaita abin da na ce, kalma kalma. Ta ce haka ta ɗauki karatu a gaban malam, ba sai ta gane ba, ta dai faɗa daidai. Awa huɗu kullum. Ta hana a rufe taga gaba ɗaya, wai yarinyar na buƙatar haske.

Tun shekaranjiya a zaune Etek take salla.

Yau muna tsaka da darasi Sumini ta ja allonta ta rubuta, "Leɓen Ibu shugaba ya yi shuɗi." Sannan ta rufe idonta, ta ƙi buɗewa. Etek ta ci gaba da maimaitawa.

Saura kwana shida. Amak, ki zo, ke kaɗai take tsoro. Direba ya ce watakila gobe a rufe hanya.

'Yarki, Wirda