Robar da ka aiko ta zama takalmi

Sheme, ƙasar Faskari

Zuwa ga Yaya Sanusi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya zafin Ikko? Allah ya tsare mana kai a saman benen nan da kuke ginawa don ajiye motoci. Mu nan duk lafiya lau, Baba ya gama sharar gona, ana jiran ruwa. Har yau shina ba mutane labarin cewa a Ikko mota ma hawa bene take ta kwana, su yi ta dariya.

Yaya, zancen ɗakin Goggo ne ya sa na rubuto. Ka san tun da aka jingina sabon ɗakin siminti da nata na ƙasa, tsakaninsu ya tsage, bara ruwa ya yi ta zuba mata har kan gado. Malam Audi magini ya liƙe da siminti, rani na yi ya sake buɗewa. Baba ya ce in ba a samu dabara ba kafin damina ta kankama, sai dai a rushe, don shina tsoron bango ya faɗo wa yayarshi. Ita ko Goggo ta ce a ɗakin nan ta goye mu bayan rasuwar Inna, ba inda za ta.

To, doguwar baƙar robar da ka ba Gide direba ta iso. Sai dai bawan Allah ya ajiye ta ya wuce Sabuwa da sauri, bai faɗi ko ta mece ce ba. Aka juya ta, aka shinshina, Baba ya ce wannan ai ta takalmi ce, ya kai wa baduku ran kasuwa. Wallahi Yaya, gidan nan kaf sai da kowa ya samu takalmi, har ni! Sai da Gide ya dawo ya kama baki, ya ce ka ce ragowar wadda kuke cusawa ne tsakanin daɓen benenku, inda ake barin tsaga da gangan saboda siminti na miƙewa da zafi ya takure da sanyi, robar ta riƙa bin shi tana tare ruwa. Ya ce ka ce a sa ta a tsagar ɗakin Goggo. Baba dai ranar ko tuwo bai ci ba.

Don Allah ka roƙi babbanku ya ƙara ba ka wata, ka ba Gide a tafiyar nan, hadari ya fara haɗuwa ta wajen Mairuwa. Malam Audi ya ce in ka kwatanta mashi zai iya sawa.

Abu guda nike roƙonka. Ba wanda ya gaya wa Goggo gaskiyar zancen. Ita a saninta ɗanta ya tuna da ƙafarta daga Ikko. Duk wanda ya shigo sai ta nuna mashi takalman nata, in za ta taka laka cire su take ta riƙe a hannu. Rannan na tarar tana goge su da bakin zanenta tana sa maka albarka, sai da na fita waje na share hawaye.

Baba da matarka Zulaihatu da yara suna gaishe ka, ka gaida abokan aikinka. In Allah ya kawo ka da Sallah, kafin ka ɗaga kai ka dubi rufin, ka fara duban ƙafarta, ka tambaye ta ko sun yi mata daidai.

Taka ƙanwa mai kewarka,
Safara'u