Tambayar da Ya Yi wa Baba

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Maigidana, Baban Nasiha, ya dawo daga majalisa ya ƙi taɓa tuwo. Da na matsa masa ya ce kwamitinsu ya kira kwamishinoni biyu, na ilimi da na muhalli, kan rashin malamai da zaizayar ƙasa a yankinmu na Gwaram. Kuma shi zai yi tambaya, tunda mazaɓarsa ce.

Na ilimin kuwa Babana ne. Mahaifina.

Dariya ta fara zo mini. Mutumin da tun aurenmu bai taɓa cin abinci a gaban Baba ba, ko sunansa ba ya iya faɗa, shi zai miƙe ya titsiye shi a gaban jama'a? Da na ga da gaske yake na ce ya bar wa wani. Ya ce wa? Na ce ko ma waye, ni dai kar a raba ni da gidanmu.

Talata, 8 ga Yuli

Inna ta kira daga Birnin Kudu. "Ki ja wa mijinki kunne." Na ce to. Na ja, har da hawayena, kuma ban ji kunyar yin su ba.

Alhamis, 10 ga Yuli

Mun je ta'aziyya wani ƙauye bayan Fagam. Dole muka bar mota muka taka, kwazazzabo ya cinye hanyar. Takalmina na Sallah ya gama aiki.

Makarantar ƙauyen tana bakin ramin. Bangon aji ɗaya ya riga ya rufta ciki. Yaran duka, manya da ƙanana, suna ƙarƙashin tsamiya, malama ɗaya tal a kansu, Malama Catherine. Murya ta dishe mata, sai da na matsa kusa na ji gaisuwarta. Ta ce ana turo malamai, su zo su ga ramin su juya. Ita ma mijinta ya ce wannan ce daminarta ta ƙarshe a nan.

A gidan makokin wata tsohuwa, Hajjo, ta riƙe hannuna ta ƙare mini kallo. "Ke ce 'yar kwamishina, matar Honarabul? To 'yar nan, in ba ke ba wa za mu gaya wa?"

Na ce Allah ya kawo sauƙi. Ban taɓa jin addu'a ta yi mini nauyi a baki haka ba.

Lahadi, 13 ga Yuli

Baban Nasiha yana ta gwada tambayar a ɗaki. Na yi kamar ban ji ba. Ta yi tsawo, amma ina ruwana.

Talata, 15 ga Yuli

An yi. Na gani a waya, wani ya ɗauka.

Allah sarki, bawan Allah. Ya miƙe kansa a ƙasa, hannu ɗaya a ƙirji, "ranka ya daɗe" kamar ba za ta ƙare ba. Amma ya yi tambayar, ya ambaci tsamiyar, ya ambaci malamar. Baba ya cire tabarau ya ce an tura malamai, hanya ce ta kore su. Na muhallin ya ce aikin ramin yana cikin shirin baɗi. Kowa ya faɗi gaskiya, kowa ya miƙa wa ɗan'uwansa.

Saura kawai ya ce, to kafin baɗin fa? Na ga bakinsa ya buɗe. Baba ya ɗago ya dube shi. Sai ya ce ya gode, ya zauna.

Na ji haushi sosai. Ban san na waye ba.

Laraba, 16 ga Yuli

Inna ba ta ɗauki wayata ba. A waje kuma ana cewa Honarabul ya ji tsoron suruki. Ya yi asarar duka biyun, ga shi ya rame a ido. Na yi masa kunun gyaɗa.

Juma'a, 18 ga Yuli

Bayan masallaci muka je Birnin Kudu. Na yi niyyar ba Baba haƙuri, tun daga gida nake tsara maganar. Baban Nasiha ya gaishe shi, ya amsa a taƙaice, shi kuma ya koma mota ya jira.

Na kai wa Baba shayi na durƙusa. Ya tsufa, ban lura ba sai yau. Ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Suna ganin ban damu ba ne, Munawwara?"

Na ce a'a, Baba. Sai na ji bakina ya ci gaba shi kaɗai: "Amma kafin baɗin fa? Ita malamar ba za ta kai ba."

Ya ajiye kofin. "Shi ya aiko ki?"

"Ba wanda ya aiko ni."

Can ya tambayi sunan ƙauyen, na faɗa. Bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba. Da zan fita bai sa mini albarkar da ya saba ba, kuma na ji rashinta har cikin raina.

A mota Baban Nasiha ya tambaye ni ko na ba Baba haƙuri. Na ce masa mun yi magana.