Geron da Ya Nuna a Shekarar Fari

Matameye, Yuli 1984

Zuwa ga maigida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da abokan aikinka na jami'a a Zariya. Mu nan muna lafiya. Baba yana sa maka albarka. Uwani ta fara haɗa magana, duk kamiyon kayan da ya wuce sai ta nuna shi ta ce babanta ne.

Irin geron da ka aiko ta hannun Alhaji Illa ya iso. Ya ce tun da sojan Nijeriya suka rufe iyaka ba a bi ta Ɗan Barto, sai da ya ratso daji. Na karanta wa Baba bayaninka, cewa kun yi shekaru kuna haɗa geron wata ƙasa da na wata har kuka sami mai nuna da wuri, kuma kana so a gwada shi a yashin gida kafin ka rufe bincikenka. Ya yi dariya, ya ce bai taɓa jin an ɗaura wa hatsi aure ba. Amma ya yanka maka gefen gonarsa ta hanyar Kance, ya shuka da hannunsa.

Ya tambaye ni ko da gaske akwai manya masu furfura da ba su da aiki sai duban hatsi. Na ba shi labarin zuwana bara waccan a hutun lakwal, makarantar da nake koyarwa: ɗakin sanyi da kuke ajiye iri kala-kala, madubin da ka sa na leƙa na ga ƙwayar cuta tana motsi a jikin ganye, masu auna ƙasa, masu ƙera injin ban ruwa, da likitocin shanu. Na ce masa gari ne guda na masu tambaya. Sai ya ce Allah Ya sa su tambayo mana ruwa.

Damana ta makara, maigida. An fita roƙon ruwa, mu ma mun kai ƴan lakwal. Ka sa mu a addu'a.

Matarka,
Shekara

Matameye, Oktoba 1984

Maigida,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta ciwon idon da ka ce karatu ya sa maka. Ka riƙa hutawa.

Ruwa ya ɗauke tun watan Agusta bai dawo ba. Geron gari ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Daga nan har Kurni babu wanda ya ɗaure damin kirki. Mutanen arewa sun fara sauka da ƴan dabbobin da suka rage musu, suna kwana a bayan kasuwa. Mazan unguwarmu da suka saba tafiya cin rani Kano suna zaune, babu hanya. Ajina ya ragu da rabi.

Naka ya nuna. Zangarniyar gajeru ce, ba ta da kyan gani, amma da ƙwaya a jiki. Mutane suna zuwa daga Dawce da ƙafa don su gani, suna kiransa geron Isufu. Ka gafarce ni na rubuta sunanka, haka suke faɗa. Har sufurefe, mai mulkin yankinmu, ya zo da sojansa biyu, ya murza zangarniya a tafin hannu, ya ce za a kai labari Damagaram. Shiru muke ji har yanzu.

Na auna abin da aka samu yadda ka koya mini, takardar tana cikin wannan. Baba ya zuba shi a ƙaramin rumbu, ya liƙe bakin da laka. Ya ce wannan ba abinci ba ne, na baɗi ne, kuma na gari ne duka. Mu muna cin jar dawar taimako da ake rabawa. Ba ta karɓi cikin Uwani ba, amma za ta saba.

Na yi murna dominka, Allah Ya sani. Sai dai na so a ce kana tsaye a gonar ranar da aka yanke shi.

Matarka,
Shekara

Matameye, Maris 1985

Maigida,

Ina gaishe ka. Ka zauna kafin ka ci gaba da karatu, ka kuma yi salati.

Allah Ya karɓi Uwani ranar Talatar da ta wuce. Ƙyanda ce ta shigo gari tare da zafi, ta sami yara babu ƙarfi. Na kai ta gidan likita, na tarar da mata cike har waje, kowace da nata a goye. Sun yi abin da za su iya. Ƙurajen sun fito sun kwanta, sai zawo ya biyo baya, ta daina karɓar komai.

Ina so ka ji abin da Baba ya yi. Duk watannin nan ya hana a taɓa rumbun. Ƙannenka sun roƙe shi, maƙwabta sun roƙe shi, shi kansa ya rame har wuyan rigarsa yana zamewa, bai buɗe ba. Da ya ga ta ƙi kunun dawa, sai ya ɗauki gatari da hantsi ya fasa lakar. Ya ɗebo a ƙwarya ya miƙo mini ya ce, «Dama mata. Na ubanta ne, ƙila ta sha.»

Na surfa, na daka, na dama shi ruwa-ruwa. Ta kurɓa sau ɗaya, ta riƙe a baki, ta kasa haɗiyewa. Bayan la'asar ta cika a cinyata.

Baba ya liƙe rumbun da kansa bayan an dawo daga maƙabarta. Tun ranar ba ya magana sai gaisuwa.

Ban iya ƙara komai ba. Allah Ya ba mu haƙuri.

Shekara

Matameye, Mayu 1985

Maigida,

Ina gaishe ka, Baba ma yana gaishe ka, ya ɗan sami sauƙi. Takardarka ta zo, na karanta ta har ta fara yagewa a ninki.

Ka ce za ka bar jami'a. Ka ce me amfanin ɗakunan bincike da manyan malamai idan ƴarka ta mutu da yunwa kana can kana ƙirga ƙwaya. Ba zan ɓoye maka ba, ni ma na faɗi haka a raina. Akwai ranakun da ko gefen rumbun ba na son bi.

Amma makon jiya hadari ya fara haɗuwa a gabas, Baba ya tara mutane ya raba irin. Gidaje sun fi irin yawa, kowa ɗan cikin hannu ya samu. Wata mata daga Kurni, wadda ta binne yara biyu a bana, ta ƙulle nata a bakin zane, ta tambaye ni ko mijina yana da wani na wake. Na ce kuna kan aikinsa. Ta ce in gaya maka ku yi sauri, yaro ɗaya ya rage mata.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Ka biyo Alhaji Illa ta daji ka zo. Ka gaida Baba, in kai ka inda aka sa Uwani, ka yi kukanka a gabana, don na gaji da yinsa ni kaɗai. Ka kwana biyu tare da mu har shuka ta tsiro. Sannan ka koma Zariya, ni zan raka ka bakin hanya da kaina.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Shekara