Tambayar Albert

Makera, Kaduna

Abokina Albert,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da yara. Takarda na rubuto, don na san injinan masaƙar da muka yi wa aiki sun cinye maka kunne, waya ba ta yi maka rana. 'Yata Bilkisu za ta biyo da ita.

Na ji haushinka ranar da ka zo. Ka ga na tsaya a matakala ina haki, ka zagaya ka tsegunta wa Bilkisu, ita kuwa ta tasa ni gaba sai asibiti. To, kai ne da gaskiya. Likita ta ce wata ƙofa a zuciyata ta fara tsukewa, amma abin bai kai ga tiyata ba tukuna. Sun sa ni cikin masu gwada wani maganin kumburi, ko zai rage wa tsukewar sauri. Ta ce, "Baba, gwaji ne fa, ba alkawari ba." Na ce na yarda.

Na gode. Amma yaya aka yi ka gane?

Naka,
Dalhatu

Unguwar Boro

Malam Dalhatu,

Na gaishe ka, na gaida Hajiya. Haka matata Scholastica take tsayawa, hannu a ƙirji, ta ce takalmi ne ya matse ta. Ba mu san sunan ciwon ba sai da ta yanke jiki ta faɗi a ƙofar coci. Irin naka ne.

Don Allah ka tambayar mini likitarka. Da an ba ta maganin nan, da tana nan? Kada ka lallashe ni.

Ka huta lafiya,
Albert

Makera

Albert,

Gaisuwa da fatan alheri. Ka yi haƙuri da jinkiri, na jira ranar komawa asibiti ne.

Na tambaya. Likita ta ajiye biro, ta tambayi sunan marigayiya, sannan ta ce, "Ka gaya masa ko mu ba mu tabbatar maganin yana aiki ba tukuna. Idan kuma ƙofa ta riga ta tsuke har mutum yana faɗuwa, babu ƙwayar da za ta buɗe ta." Haka ta faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba.

An sake yi mini hoto, tsukewar ba ta ƙaru ba. Ko magani ne, ko sassauci ne daga Allah, ba su sani ba. Jiya da ƙafa na je kasuwar Kakuri, a hankali. Duk hanya matarka nake tunawa, domin a jikinta ka koyi abin da ka gani a nawa.

Allah ya bar zumunci,
Dalhatu

Unguwar Boro

Dalhatu,

Na gaishe ka. Na karanta, na yi kuka, sannan na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Na gode da ba ka sa mini zuma a ciki ba.

Ranar Lahadi na je na cire ciyawa a kabarinta. Na gaya mata ka je Kakuri da ƙafa.

Ka riƙa shan maganinka.

Ɗan'uwanka,
Albert