Baba Magagi Ya Daina Zagin Baba

Filinge, watan Fabrairu, 2021

Zuwa ga Yayana Abdurrazak, a Kwatano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anisa da yara, Ya buɗa maka kasuwa, Ya tsare ku da sharrin baƙunta. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zuwa gidan suna da kanta. Fati ta sauka lafiya a Bonkuku, an samu mace, an sa mata Mariya. Hatsin bana bai kai na bara ba, amma da ɗan waken da aka samu muna fatan ya kai mu damina. Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun direba alhali ga waya. Ai na gwada wayar. Duk sa'ad da na kira ka, kafin in gama gaisuwa ka shiga yi mini karatu kan kuɗin sefa da sojan Faransa har mu rabu ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Takarda dai ba ka iya katse ta.

Maganar Baba ce da Baba Magagi. Ba sai na gaya maka tsakaninsu ba: uban wannan da uwar wancan ciki ɗaya suka fito, taubasai ne na gaske, kuma tun muna yara ba mu taɓa jin sun gaisa kamar mutane ba. Baba ya ce masa bawan gidanmu, shi kuma ya ce Baba ɓarawon fura ne da ya tsufa bai tuba ba. Ka tuna Sallar da ya kwashe takalman Baba a filin idi, Baba ya dawo gida ƙafa ba komi yana dariya har da hawaye? Ko lokacin girbi, ya shiga gonarmu ya saɓi damin da ya fi girma, wai ladan haƙurin zama da Baba. Kuma ranar da aka rufe Yaya Faruk, duk malaman da suka yi nasiha ba wanda ya sa Baba ya sa loma a baki, sai da Baba Magagi ya zauna gabansa ya yi ta zaginsa har ya ci.

Da kampen zaɓe ya kankama, fadarsu ta bakin kasuwa ta koma majalisa. Baba yana bayan 'yan adawa. Kullum maganarsa ita ce an hana hawan moto wai don tsaro, masu kabu-kabu sun rasa abin yi, mara lafiya daga ƙauye sai a amalanke, 'yan bindiga kuwa ba su fasa komi ba. Ya ce sojojin waje sun yi shekara da shekaru a ƙasar nan, ga shi mutanen arewa da mu suna ta baro garuruwansu. Baba Magagi na masu mulki ne, ɗansa Abdulgafar ma yana cikin masu shirya musu taro. Shi cewa yake in baƙin soja suka tafi yau, a nuna masa mai jirgin da zai tsare dajin nan, kuma rufe iyakar da ya tsadar da kaya Najeriya ce ta yi, ba Yamai ba. Haka za su yi ta yi har shayi ya huce, sannan su tashi tare su nufi masallaci. Ni dai abin da na sani, ko wane ne mai gaskiya cikinsu, tiyar hatsi ba ta sauko ba.

To, ranar wata kasuwa bayan zagaye na farko gardama ta yi zafi. Baba ya miƙe ya nuna shi da sanda, ya ce ba abin mamaki ba ne, wanda aka haifa bawa dole ya nemi ubangida, jiya na gidanmu ne, yau na Faransa. Fada ta kwashe da dariya. Baba Magagi ya fizge hular Baba ya zauna a kanta, ya rama da abin da ya fi wannan muni. Ashe wani baƙo cikin masu kampe da suka zo daga Yamai yana ɗauka da waya. Ya yanke dariyar, ya yanke hular, ya bar Baba kawai tsaye da sanda yana kiran dattijo bawa a tsakiyar kasuwa. Shi baƙo ne, ina iya yi masa uzuri, wataƙila bai san su wa ya ɗauka ba. Kai fa, Yaya? Kai da Baba Magagi ya raɗa wa suna, kai da ya raka tasha ranar tafiyarka yana ɗauke da jakarka. Maigidana Kailu ya nuna mini a wayarsa, kai ne ka tura bidiyon zauren hira na waya na 'yan yankinmu na Kurfai mazauna waje, da muryarka a ƙasa kana cewa ga tsohon da ya gaya wa bayin Faransa gaskiya. Ka fi kowa sanin abin da kalmar nan take yi a ƙasarmu in ta fito daga bakin da ba na taubashi ba.

Daga nan abin ya kai Tabla, ya kai Yamai, ya dawo mana. Har dangin mai neman auren Muna, autar Baba Magagi, suka aiko daga Imanan wai suna so a fayyace musu asalin gidan. Dattijo mai furfura aka zaunar yana lissafa kakanninsa gaban baƙi, kakannin da namu ne mu ma. Abdulgafar ya so kai ƙara, ubansa ya hana shi. Bai yi faɗa da Baba ba, kuma da ya yi da ya fi mana. Abin da yake yi yanzu, in sun haɗu ya rusuna, ya kira Baba Malam Isma'ila, ya tambayi gajiya da iyali, ya wuce. Baba ya aika masa liman da goro, Baba Magagi ya ce ya gode, ba abin yafewa, ya yafe. Ranar Juma'a Baba ya ajiye takalmansa da gangan kusa da nasa a ƙofar masallaci. Da aka fito ya tarar an kakkaɓe su, an jera masa su yadda zai sa ƙafa kawai. Ya dawo gida, ya shige ɗaki.

Tun daga ranar bai koma fada ba. Rediyon da ba ya rabuwa da shi yana rataye a ƙusa, ko sunan zaɓe ba ya son ji. Ga ciwo ya kwantar da shi, likita ya ce ƙirji ne, ya ba da magani, muna ba shi. Amma ni ke ɗauko kwanon tuwonsa, na san abin da ke dawowa. Ga wani abu kuma: Abdulgafar ya daɗe yana son ɗauke ubansa zuwa Yamai saboda halin hanya, tsohon yana ƙi, yana cewa wa zai bar wa ɓarawon fura. Yanzu ya yarda. Da an gama zagaye na biyu za su tafi, kuma ka san shekarunsu, su biyun.

Ban ce ka sake jam'iyya ba, Yaya. Ka so wanda kake so, wataƙila ma kuna da gaskiya kan sojan, ban sani ba. Abin da nake roƙo, ka koma zauren nan da ka yi magana, da muryarka, ka faɗa musu ko su wane ne mutanen nan biyu, da jinin da ya haɗa su. Sannan ka kira Baba Magagi da kanka, ka yi shiru ka saurara ko da sau ɗaya a rayuwarka. Kada ka nemi ya yafe wa Baba, yafewar ce ke cinsa. Ka roƙe shi don Allah ya zo gidan nan ya zage shi kafin ya tafi.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka gaishe da Anisa da Kamal da ƙaramar Ruƙayyatu. Kailu da Fati da Haske duk suna gaisuwa. Baba ma da na ce zan rubuto ya ce a gaishe ka, sai ya ce in fitar masa da takalmansa ƙofar zaure, kamar yadda yake sa ni kullum da safe, don ta nan Baba Magagi ke wucewa kasuwa. Jiya ma da yamma ni na shigo da su, suna nan yadda na ajiye.

Allah Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Nasiba Isma'ila