Kurayen Nuzla

Nuzla, Jidda
Watan Rajab

Zuwa ga Gwaggo Shatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki, ta yi sauƙi? Ya mutanen Kano? Baba da Umma suna gaishe ki.

Na ba Malam Jaji wannan wasiƙa da zai dawo daga umra, don na san saƙon murya a gidanki kowa ke saurare. Kin tambaya ko Abdulwahid ne a bidiyon da jikokinki suka nuna miki, mai baƙin ƙyalle a fuska yana miƙa yatsa kamar bindiga. Shi ne, Gwaggo. Ƙanena ne, ɗan ƙaninki.

Abin ya faro ne a saman rufin gidanmu, wajen tankin ruwa. Su uku ne: shi, da Meshari ɗan maƙwabtanmu, da Nayef mai haɗa musu kiɗa a kwamfuta. Tun suna yara wani mai kanti ya kore su daga ƙofarsa yana ce musu kuraye, shi ne suka sa wa kansu Kurayen Nuzla. Ba rera waƙa suke yi ba, magana ce da sauri a kan kiɗa, ana ce mata rap, Larabci da Hausa a cakuɗe. Da farko dariya muke musu, har shayi nake hau musu da shi.

Sai suka yi wata waƙa, "Haihuwar Nan". A ciki Abdulwahid ya ce nan aka haife shi, nan aka haifi ubansa, amma in ya hango motar jami'ai sai ya laluba aljihu ya ji ko iƙamarsa, takardar izinin zama, na nan. Ba zan ɓoye miki ba, da na ji ta na yi kuka a kicin, don babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Cikin ɗan lokaci babu motar da waƙar ba ta tashi a ciki daga Nuzla har unguwar Sharafiyya.

Da a nan suka tsaya! Meshari ya ce jama'a zafi suke so. Yanzu waƙoƙin duk wuƙa ne da ƙwaya da zagin samarin wasu unguwanni. Abdulwahid fa, Gwaggo, wanda ranar layya yake shigewa ɗaki har sai an wanke jinin rago, shi ne yake cika baki wai ya kwantar da mutum. Na yi faɗa, na yi lallashi. Amsarsa ɗaya ce, yana haɗawa da Larabci: "Ya Zakiya, hada fann, wasa ne kawai." Ki taya mu da addu'a.

'Yarki,
Zakiya

Nuzla, Jidda
Bayan ƙaramar salla

Gwaggona,

Assalamu alaikum. An yi salla lafiya? Allah ya maimaita mana. Na ji 'yarki Arwa ta haihu, Allah ya raya.

Mu dai sallarmu ba daɗi. Wasan da Abdulwahid yake faɗa ya shigo mana har tsakar gida. Kin san Baba ya tsufa a kan keken ɗinki a Sharafiyya, kuma kafin azumi ba ya samun lokacin cin abinci saboda masu kawo ɗinkin tobi, jallabiyar mazan nan. Bana yana zaune yana kallon titi. Dattawan masallacinmu sun zo har shago sun ce ɗansa yana lalata musu yara, yana kuma ja wa duk baƙar fatar Nuzla baƙin jini. Baba ya rufe shago. Ya dawo gida ya kwanta da takalminsa.

Maganar auren ƙanwarmu Bayan ma ta lalace. Uwar yaron ta aiko wai sun ɗaga, kin kuwa san ma'anar ɗagawa. Bayan ta daina yi wa Abdulwahid magana, in ya shigo falo sai ta ɗauki farantinta ta fita.

Abin da ya fi ci mini rai, kafilin Baba, Balaraben da ke tsaya mana a takardun zama, ya ga bidiyon. Ya ce shi halas, ya gama, ba zai ƙara sa hannu a takardar Abdulwahid ba. Na zaunar da yaron na ce, kai da Meshari ba ɗaya ba ne. Meshari ɗan ƙasa ne, in an kama shi faɗa za a yi masa ubansa ya je ya taho da shi. Kai fa? Ya ce ai abin da yake waƙa a kai ke nan, in ya yi shiru wa zai faɗa? Na ce to ka faɗi wannan, ka bar wuƙar da ba ka taɓa riƙewa ba. Ya ce in babu wuƙar babu mai tsayawa ya ji sauran. Wallahi Gwaggo maganar nan tasa ta fi komai ƙona ni.

Yanzu wai wasa za su yi a wani gidan biki da suka kama a bayan gari. Umma ta ɓoye masa takalma, ya fita da silifas ɗin banɗaki.

Ki kira Baba don Allah, ke kaɗai yake buɗe wa ciki.

Taki,
Zakiya

Nuzla, Jidda
Watan Muharram

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya da duk mutanen gida. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, hannuna ne ya kasa.

An yi wasan. Samarin unguwar da suka zaga a waƙa suka zo, faɗa ya kaure, aka yanki wani yaro a hannu. Ya warke, alhamdu lillahi. Waɗanda suke wurin sun ce Abdulwahid yana kan dandamali yana roƙon a daina, amma da jami'ai suka zo shi ne kowa ya sani. An kama su ukun. Meshari bai daɗe ba ya fito. Nayef ma kafilinsa ya tsaya masa, ya sayar da kwamfutar, yanzu yana aikin sito. An tabbatar Abdulwahid bai taɓa kowa ba, sai dai iƙamarsa ta mutu, aka wuce da shi tarhil, inda ake ajiye waɗanda za a fitar daga ƙasa.

Babu inda ban je ba. Na je wajen kafili, ya bar ni a tsaye a ƙofa. Na je wajen Meshari, don yanzu wani kamfanin waƙa ya ɗauke shi shi kaɗai, ya aske sumar, yana waƙar zumunci a bukukuwa. Shi da ya rubuta baitocin wuƙar da hannunsa! Na ce ya faɗa wa manyansa ko za su sa baki. Ya ce, "Ya ukhti, an hana ni ambaton Kuraye ko a hira." Ya miƙo mini ruwan gora. Na ajiye masa a kan motarsa na tafi.

Gwaggo, Kano za a kawo shi. Ƙasar da ko Baba bai taɓa takawa ba, ita ce a takarda ƙasarsa. Ba shi da kowa sai ke. Ki sa ɗanki Muktar ya riƙa bincikawa a filin jirgi, don ba sa faɗin rana da wuri. Yana jin Hausa sarai amma bakinsa a karye yake, ki hana yara yi masa dariya. Ba ya cin yaji. In ya yi shiru ki ƙyale shi, ba raini ba ne.

Jiya aka bar ni na gan shi. Ya rame. Na tafi da faɗa cike da bakina, na shirya shi tun a mota, da na gan shi sai faɗan ya bi iska. Ya tambayi Baba, ya ce in ba Bayan haƙuri. Da lokaci ya cika mai gadi yana cewa yalla, sai ya juyo ya tambaye ni ko akwai teku a Kano kamar nan Jidda. Na ce masa babu. Ya gyaɗa kai, ya bi mai gadin.

Ki riƙe mana shi, Gwaggo. Allah ya bar zumunci.

'Yarki,
Zakiya