Hannun Fedar Hagu

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara, kuma ciwon bayan nan ya sake ki. Mu nan lafiya lau. Ƙanwarki, matata, tana gaishe ki, ta ce kin yada ta. Baba jiki alhamdu lillahi, yana cin abinci, har ya fara faɗa idan shayi ya huce, kin san kuwa wannan alamar sauƙi ce.

Likita ya ce kwanciyar wata huɗun nan ta kashe masa ƙafafu, sai ya riƙa motsa su. Ranar da muke dawowa daga asibiti, Baba ya bi wani mai keke da kallo ta tagar mota, ya ce shi da a kan kekensa yake da tuni ya warke. Bai ƙara ba, amma maganar ta zauna mini. Na yi niyyar in gyara masa keken nan da hannuna a ɗakin ajiya na bayan gida, ba tare da ya sani ba, sai dai kawai ya fito ya gan shi a tsakar gida. Don Allah kada ki faɗa masa. Na san bakinki.

Kin tuna tun da ya bar aikin masinja ya kai keken ajiya rumfar abokinsa Baba Mai Faci. Shekara takwas ke nan. Jiya na rufe shago da wuri na je karɓowa, kuma wallahi ban ji daɗin yadda tsohon nan ya tarbe ni ba. Maimakon ya yi murna, sai ya tambaye ni ko Baba ne ya aiko ni. Na ce a'a. Ya ce to in bar masa shi ya gyara da kansa. Na ce na gode, ni zan yi. Sai da ya gama jan ƙafa sannan ya sa aka sauko da shi daga saman rumfa, duk yana da tsatsa. Ina shirin turawa ya dafa fedar hagu, ya ce duk abin da zan yi in yi, amma wannan ɓangaren in bar shi yadda na same shi. Na tambayi dalili, ya ce haka dai.

Yaya, mutumin da aka ba ajiya shekara takwas, me zai sa ya hana a duba wani ɓangare? Ban ce ya yi wani abu ba. Amma zan duba ɓangaren nan kafin kowanne.

Ki gaida maigidan. Ki shafa mini kan yara.

Ƙaninki,
Auta


Yayata,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙonki ya iso, na kuma ji faɗan. Kin ce tun ina yaro nake zargin kowa, har kaza na taɓa tuhuma da satar silifas. To kazar nan dai a akurkinta aka samu silifas ɗin, ki tuna. Baba lafiya, jiya ya taka har ƙofar gida ya dawo.

Na wargaza keken gaba ɗaya. Sarƙa tana jiƙe a kananzir cikin tsohuwar robar fenti. Boris ɗin, 'yan ƙwallayen ƙarfen nan, na zuba su a murfin kwalba, ƙanwarki ta kusa share su, sai da muka yi 'yar tsama. Sirdin fata ne na gaske, ya bushe ƙamas, kullum ina shafa masa mai yana sha. Tayoyin sun mutu murus. Ƙararrawar ce kawai ba ta san an tsufa ba, sai da na cusa mata tsumma don kada Baba ya ji.

Yanzu ga maganar. Kin san ƙarfen nan da feda ke maƙale a jikinsa, wanda ƙafa ke juyawa, hannun feda. Guda biyu ne, dama da hagu, kuma dole tsawonsu ya zo ɗaya. Da na jera su a ƙasa sai idona ya ƙi yarda. Ni tela ne, shekara ashirin ina awo, ba a yi mini wasa da tsawo. Na ɗauko tef na auna sau uku. Na hagu ya gaza na dama da inci ɗaya da rabi. Na goge shi da samfefa, sai ga tabon walda a tsakiyarsa, an shafe da baƙin fenti don kada a gani.

Kin gane ko? An cire na asali, an liƙa wani gutsuren da aka tsinto. Irin kekunan nan an daina yin su, kayansu nema ake yi ruwa a jallo. Kuma a hannun wa keken yake? Wa ya ce kada in taɓa ɓangaren hagu?

Duk da haka na yi masa adalci, na koma rumfar da ƙarfen a aljihu, na ajiye a gabansa ba tare da na ɗaga murya ba. Yaya, da kin ga fuskarsa. Ya ɗauka yana juya shi yana shafa tabon waldar da babban yatsa. Bai musa cewa aikinsa ne ba. Na tambaye shi ina na asalin. Can sai ya ce in je in tambayi mahaifina. Ya san sarai ba zan tambaya ba, don ni da bakina na gaya masa ɓoyewa nake yi. Kin ga wayon tsofaffi.

Abin ya tsaya mini a rai. Mutumin nan a tabarma ɗaya suke cin abinci da Baba tun kafin a haife ni. Ranar rasuwar Inna shi ya riƙe Baba a maƙabarta. Ashe ana iya yin duk wannan kuma a kwance wa mutum keke.

Ki yi mana addu'a. Ina gaida kowa.

Naki,
Auta


Yaya,

Ina fatan kin tashi lafiya, da ke da iyali. Baba yana gaishe ki, ya ce yaushe za ki zo. Na ga kin rubuta cewa in bi a hankali, tsoho ne. Saƙon ya makara, kuma ko da ya zo da wuri ban ce zan ji ba.

Aiki ya yi nisa. Na kankare tsatsa, na yi fenti baƙi shafi uku, na ja siririn layin nan ruwan gwal a jikin madigadi kamar yadda yake a da. Daidaita ƙafafun keken ne ya kusa haukata ni, ka ɗaure waya ɗaya ta nan, gargaren ya karkace ta can. Kwana huɗu na yi a kansu. Hannun feda kuwa na samu a layin masu tsofaffin kaya, wurin wani mai ido ɗaya, irinsa sak, tsawonsa daidai da na dama. Na ɗaura, na juya, yana tafiya sumul.

Shi kuwa Baba Mai Faci sau biyu yana zuwa gidan nan. Ba ya shiga wurin Baba, sai ya tsaya a ƙofa ya sa a kira ni. Buƙatarsa ɗaya, wai in ba shi guntun ƙarfen nan, ko in mayar da shi inda na cire. Ki ji fa! Mutum ya yi ɓarna, kuma yana bin shaidar yana so ya karɓe. Zuwansa na biyu ina ganin ya juya, mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo wucewa da baronsa, na jefa masa shi a ciki, na ce ya tafi da shi kyauta.

Shekaranjiya na bi ta rumfarsa zan sayi giris. Ya sake tayar da maganar a gaban mai aski da mai gyaran takalmi da wasu masu jiran faci. Raina ya ɓaci, na faɗa masa abin da ke cikina. Na ce an ba shi amana ya ci, ya kwance kayan abokinsa yana kwance a asibiti ko kafin nan, Allah kaɗai ya sani. Na ce furfura ba ta hana sata. Mai aski ya ce in ji tsoron Allah, na ce shi ya kamata a gaya wa. Tsohon bai ce uffan ba, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da goga tiyub ɗin da ke hannunsa, wurin da ya riga ya goge.

Ba zan ɓoye miki ba, shirun nan ya dame ni. Amma na ce wa kaina mai gaskiya ai magana yake yi. Ƙanwarki ta ce na yi sauri, har na fara tunanin ko ke kika zuga ta.

Jibi zan fito da keken. Zan rubuto miki yadda Baba zai yi.

Ƙaninki,
Auta


Yayata,

Ina gaishe ki. Ina fatan kuna lafiya. Mu ma jikinmu lafiya, sauran kuma ga shi nan, ki karanta a zaune.

Da hantsi na fito da keken na kafe shi a tsakar gida, na cire tsumman ƙararrawa na kaɗa. Baba ya fito da sandarsa. Yaya, ya yi dariya irin wadda rabon da in ji tun Inna tana raye. Ya zagaya shi, ya shafa sirdi, ya matsa birki, yana ta sa mini albarka. Muka fita layi, na riƙe masa kariya, maɗorin kayan nan na baya, ya hau. Ya taka dama lafiya. Da fedar hagu ta taso sama sai na ji ya yi wani nishi, keken ya tsaya cak, ya dafa kafaɗata da ƙarfi. Ya sake gwadawa, haka. Ya sauka, ya sunkuya ya daɗe yana kallon hannun fedar, sannan ya tambaye ni ina nasa.

Ni kuma da bakina, ina washe haƙora, na kwashe labarin duka na ba shi. Awon da na yi, tabon walda, mai baro, har abin da na faɗa a rumfa, kalma da kalma. Ina jira ya yaba mini.

Ya zauna a dakalin ƙofa. Ya ce shekarar da aka haife ni, mota ta buge shi yana kan hanyar kai takardu, gwiwarsa ta hagu ta tashi daga aiki, ba ta lanƙwasuwa sosai. A ofishinsu kuwa masinjan da ba ya iya hawa keke sallamarsa ake yi, ga mu mu biyar, ga Inna da jego. Baba Mai Faci ne ya yanke hannun fedar da zarto, ya rage tsawonsa kaɗan kaɗan, Baba yana gwadawa a bayan rumfa, har suka samu inda gwiwar za ta iya zagayawa. Ya haɗe da walda, ya shafe da fenti don kada shugaban masinjoji ya lura. Baba ya sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba, har Inna. Da guntun ƙarfen nan ya yi shekara talatin da biyu yana aiki, da shi muka ci, da shi muka yi makaranta.

Yaya, ni nake ɗinka wa mutumin nan wando. Na san ƙugunsa, na san tsawon ƙafarsa, ban taɓa tambayar me ya sa yake miƙe ta hagu idan ya zauna a sallah ba. Ke kin taɓa tambaya?

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya ɗauki sandarsa ya kama hanyar rumfa a ƙasa. Na ce in tsayar da abin hawa, ko waiwaye bai yi ba. Na bi shi a baya, mutumin da ƙofar gida ce iyakarsa, yana tafiya yana hutawa a jikin katanga, har muka isa.

Duk suna nan, mai aski da mai gyaran takalmi da sauran. Baba ya tsaya a tsakiya ya faɗi abin da ya ɓoye shekara arba'in, da ƙarfi, don kowa ya ji. Sannan ya jingine sandar ya ce zai durƙusa ya nemi gafarar abokinsa a kan abin da ɗansa ya yi. Gwiwar ta ƙi. Ya tafi ta gefe, hannunsa ɗaya a cikin ruwan kwanon faci, Baba Mai Faci ya yi wuf ya tare shi, suka zube tare a ƙasa, tsofaffi biyu suna kuka. Baba Mai Faci yana ta cewa Baba ya tashi, shi bai yi masa komai ba.

Daga baya na zagaye wuraren masu ƙarafa har uku, ban samu guntun ba. Mai aski ya ce mini ko an kawo wani, hannun tsohon yanzu rawa yake yi, ba zai iya irin wancan yankan ba.

Ranar a rumfar na durƙusa ni ma, Yaya, nawa gwiwoyin ai lafiyarsu ƙalau. Na ba Baba Mai Faci haƙuri sau uku. Duk ukun wurin Baba ya juya ya amsa, ni ko kallona bai yi ba.

Don Allah ki zo. Ke tsohon yana jin nauyinki, ko zai yarda in shiga rumfar in gaishe shi.

Ƙaninki,
Auta